Yadda ake zaɓen jita mai wayar nailan: kurosoba ko kilasikal

Satin da ya wuce wani yaro da nake koya wa jita a nan Jos ya turo min hotuna guda biyu a WhatsApp, yace Malam wacce zan saya a ciki, ɗaya mai shagon yace masa kilasikal ce ɗayar kuma wai kurosoba, dukansu wayar nailan, kansu iri ɗaya, kuɗin ma babu wani tazara sosai. Nace masa hoto ba zai gaya maka komai ba, ka bari ranar Asabar mu shiga gari tare. Abin da muka yi a shagon nan shi zan rubuta daki-daki, saboda na gaji da ganin mutum ya tara kuɗinsa wata da watanni ya sayi jitar da ba ta dace da hannunsa ba, bayan sati uku ya jingine ta bayan ƙofa yace shi dai Allah bai bashi baiwar kiɗa ba, alhali ba laifinsa bane, kayan aikin ne ba nasa ba.

Kafin ka fita daga gida, ka fara sanin me ake nufi da sunayen. Kilasikal ita ce ta asali, siffar da muke gani yau wani kafintan jita ɗan ƙasar Sifen mai suna Antonio de Torres ne ya daidaita ta, an haife shi 1817 ya rasu 1892, kuma har yanzu masu ƙera ta kusan sawunsa suke bi. A zamaninsa da hanjin dabba ake yin tsirkiyar, sai bayan yaƙin duniya na biyu wani Albert Augustine a Amurka ya fara yin ta da nailan na kamfanin DuPont, shahararren makaɗin nan Andres Segovia ya karɓe ta, shikenan duniya ta bi. Ita kuma kurosoba ƴar baya-bayan nan ce, an yi ta ne domin mutumin da hannunsa ya saba da jita mai wayar ƙarfe ko ta lantarki amma kunnensa yana son taushin muryar nailan. Gibson sun fitar da samfurin Chet Atkins a 1982, Godin na ƙasar Kanada suka kawo Multiac a shekarun 1990, yanzu kuma akwai Yamaha NTX, akwai Cordoba Fusion, akwai na Taylor masu harafin N a ƙarshen lambarsu. Kar ka ɗauka kurosoba wai kilasikal ce da aka inganta, ko kuma kilasikal ce ta jabu, a'a, kayan aiki ne guda biyu kowanne da inda yake cin abincinsa.

Mataki na farko ba a shago ake yinsa ba, a zuciyarka ne: a ina zaka kaɗa ta, kuma me zaka kaɗa. Idan burinka ka zauna ka koyi karatun nota, ka riƙa fitar da bes da ɗan yatsa babba kana fitar da waƙar da sauran yatsu uku duk a lokaci ɗaya, ko kana shirin jarrabawar kiɗa, to tun yanzu hankalinka ya karkata ga kilasikal. Idan kuma kai mutumin situdiyo ne, ko kana bin ƴan band wajen biki da dina, ko kana kaɗawa a coci kusa da mai ganga da mai fiyano, inda dole sai an jona ka a miksa kafin a ji ka, to kurosoba ce take kiranka. Yaron nan nawa shekara biyu yana kaɗa lid a band ɗinsu, yanzu wani furodusa yake son ya riƙa sa masa ɗan taushin nailan a waƙoƙin soyayya na Hausa, kaga tun daga nan na san inda za mu ƙare, amma ban gaya masa ba, na bari hannunsa ya gaya masa.

Na biyu, ka tafi da abu uku a aljihu: ƙaramar rula mai milimita, katin ATM kamar guda biyar (tsofaffi ma sun yi), da manhajar tuna a wayar salularka, wato wacce ake saita muryar wayoyin jita da ita. In kana da kebul ɗinka na jita ka ɗauko shi, don na shago sau da yawa ya gaji, zai sa ka zargi jitar da bata yi laifi ba.

To yanzu ga wurin da nake son ka tsaya sosai, wato wuya. Da zarar an miƙo maka jita, kafin ma ka kaɗa, ɗora rula a kan ɗan farin ƙashin nan da ke can sama inda wayoyi suke hawa kafin su shiga kai, shi ake ce wa not. Kilasikal ta gaskiya zaka samu faɗinsa milimita 52. Kurosoba yawanci 48. Jita mai wayar ƙarfe tana tsakanin 43 da 45, ta lantarki 42 ko 43. Mutum zai ce haba milimita huɗu kawai, wallahi ka riƙe zaka san huɗun nan ba wasa bane, domin idan ka raba su tsakanin wayoyi shida kowane gurbi ya ragu da kusan milimita ɗaya, kuma wayar nailan tana da kauri, ta ukun nan wato G (ana ƙirga su ne daga mafi siranta, ita ce ta farko, zuwa mafi kauri, ta shida) kaurinta ya kai milimita guda cur, sannan idan ka taɓa ta lilo take yi da faɗi fiye da ta ƙarfe. Dalilin da yasa aka buɗe wuyan kilasikal kenan tun asali, don yatsan da ya danne waya ɗaya kar ya shafi ta kusa da ita ya kashe mata murya. Saboda haka ga gwajin: kama kod ɗin C na farko (kod shi ne danne wasu wayoyi a kaɗa su tare), ka kaɗa wayoyin ɗaya bayan ɗaya a hankali, ka saurara ko akwai wacce ta mutu. In yatsunka masu kauri ne irin na wanda ya yi aikin ƙarfi, zaka ga a kan 48 waya ta huɗu ko ta farko tana yawan shaƙewa, a kan 52 kuma kowacce ta fito tas. In kuma hannunka ƙarami ne, kama F na bar, wato kod ɗin da yatsa ɗaya yake danne wayoyi shida gaba ɗaya, a firet na farko (firet su ne ƴan ƙarafan nan da aka jera a gicciye a kan wuya) ka riƙe shi kana ƙirga goma, a kan 52 zaka ji jijiyar bayan hannunka tana ja, a kan 48 zaka ji kamar ka dawo gida.

Bayan faɗi sai doro. Ka kwantar da rular a gicciye a kan allon da firet suke. A kilasikal zata kwanta lif saboda allon shimfiɗe yake. A kurosoba zaka ga rular tana ɗan rawa gefe da gefe don allon yana da ɗan doro a tsakiya, Cordoba Fusion misali suna yinsa a abin da suke kira radiyos na inci 16. Wannan doron shi yake sa bar kod ya yi sauƙi, saboda yatsan mutum ai ba miƙaƙƙe bane kamar sanda, yana da ɗan lanƙwasa. Sannan duk wanda ya saba leƙo da babban yatsa ta saman wuya ya danne waya ta shida, irin yadda ƴan lid suke yi, a kilasikal sai dai ya haƙura, wuyan ya fi ƙarfin tafin hannunsa, can ana ajiye babban yatsa ne a tsakiyar bayan wuya. Wannan doron ya shafi kafo ma, wato ɗan matsin da ake maƙalawa a wuya ya danne dukkan wayoyi don a ɗaga murya, in zaka saya ka faɗa wa mai shago wacce kake da ita, kafo mai lanƙwasa a kan allo shimfiɗaɗɗe zai bar wayoyin tsakiya suna zizza, mai miƙe kuma a kan doro zai bar na gefe.

Da yaron ya riƙe kilasikal ɗin sai naga ya ɗaga kafaɗa yana murɗa wuyan hannu, yana neman ɗigon da zai nuna masa firet na biyar bai samu ba, domin yawancin kilasikal babu ɗigo a fuskar allon, wasu ko a gefe babu. Da aka miƙo masa kurosobar kuwa, wato Yamaha NTX, ko minti ɗaya bai yi ba ya fara gudu a kanta yana murmushi. Mai shagon yace kaga Oga ai ta zaɓe shi. Nace tukuna, bamu gama ba.

Mataki na gaba, ƙirga firet daga sama zuwa inda wuya ya haɗu da jiki. Kilasikal a na 12 take haɗuwa kuma jikinta cikakke ne. Kurosoba da yawa a na 14 suke haɗuwa, sannan an yanke musu kafaɗa ɗaya ta ƙasa don hannu ya wuce can ƙasa ba tare da ya ci karo da katako ba. In kana yin solo a sama da firet na 12 wannan yankan ni'ima ce. Amma ba kyauta aka baka ba, akwai abin da aka karɓa, kuma shi ne mataki na biyar.

Ka ce a kashe kiɗan da ke tashi a shagon, ka roƙe su da girmamawa, sannan ka kaɗa kowacce ba tare da an jona ta ba. Wayar nailan bata da ƙarfin ja sosai, shida ɗin gaba ɗaya suna jan kilo 40 ne ko ƙasa kaɗan, na ƙarfe kuwa sun haura kilo 70. Tunda ƙarfin kaɗan ne, dole fuskar jitar ta zama siririya mara nauyi kafin ta amsa, shi yasa a cikin kilasikal ake jera ƴan siraran katakai kamar mafici a ƙarƙashin fuskar, kuma a ajiye birij ɗin, wanda masu goge da garaya suke ce wa jaki, daidai tsakiyar faffaɗan cikin inda fuskar ta fi motsi. To idan aka matsar da wuya zuwa firet na 14, jakin ma sai ya matso kusa da ramin, ya bar wannan tsakiyar, ga kafaɗa an yanke, ga jikin wasu an rage masa zurfi, wasu kuma an ƙara wa fuskar ƙarfi da gangan don kar ta yi ihu a gaban sifika. Sakamakon shi ne kilasikal mai kyau tana cika ɗaki da kanta, bes ɗinta kana jinsa a ƙirjinka, kurosoba kuma muryarta a bushe ta fi sirantaka, kamar mai magana a hankali. Ni a nan bana ɓoye ra'ayina, in dai a ɗaki ne da daddare babu lantarki babu komai, babu kurosobar da na taɓa riƙewa da ta kamo kilasikal mai kuɗi ɗaya da ita wajen daɗin murya. Ka ba wani ya kaɗa ka koma nesa kamar taku biyar ka saurara, don abin da mai kaɗawa yake ji daban da abin da na gabansa yake ji.

Sai ka juya gwajin, a jona su. Nan kuma kurosoba take rama abin da aka yi mata. Kusan duk kurosoba suna zuwa da fikof, wato ƴar na'urar da ke ɗaukar muryar jita ta kai sifika, a ƙarƙashin farin ƙashin da ke kan jaki, da ɗan akwatin sarrafa murya mai aiki da batir a gefe. Ka kaɗa kowace waya ita kaɗai ka ji ko ƙarfinsu ɗaya, in ɗaya ta fi sauran rauni to ƙashin bai zauna daidai a kan fikof ɗin ba. Ka juya kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarar yashi, ka girgiza kan kebul a ramin jak ka ji ko yana yankewa, ka buɗe gidan batir ka duba ko tsohon batir ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen, wannan ya zama ruwan dare a kayan Beljiyam. Sannan ka sa a ƙara murya ka tsaya gaban sifika. Na taɓa zuwa wata dina a wajen Rayfield da kilasikal ɗina, aka kafa min makirfo a gabanta, duk lokacin da mai miksa ya ɗaga ni sai hol ɗin ya ɗauki kuka wuuu, in ya sauke ni kuma ganga ta haɗiye ni, haka na yi waƙa uku ina kaɗawa babu mai ji, amarya da ango suka yi rawarsu da fiyano kawai, raina ya ɓaci ƙwarai a daren nan don na yi sati biyu ina shiri. Da kurosoba ce a hannuna da wannan bai faru ba. Akwai kuma tsaka-tsaki da ya kamata ka sani: Yamaha NCX tana da wuyan kilasikal mai 52 da haɗuwa a firet na 12, amma da yankakkiyar kafaɗa da fikof, ita ce ta wanda ya riga ya koyi kilasikal yake son hawa dandali bai canja hannu ba.

Idan ka tsayar da wacce kake so, kar ka ciro kuɗi tukuna, saura duba lafiyar ita wannan ɗin da ke hannunka, don biyu masu lamba ɗaya ma ba sa zama ɗaya. Ka saita ta da tuna, sannan ka zura katin ATM tsakanin waya ta shida da saman firet na 12. Kowane kati kaurinsa ya kai kashi uku cikin huɗu na milimita, kaga huɗu sun ba da milimita 3, biyar sun kusa 4. A kilasikal milimita 4 a waya ta shida da 3 a ta farko shi ne al'ada, kar ka ce ta yi tsayi, haka aka gina ta don ka iya ja da ƙarfi bata yi zizza ba. A kurosoba ana saukar da shi kusan 3 a ta shida. In kaga kati shida ko bakwai sun shige suna yawo, wuyan ya tashi, ka duba ƙashin jaki, in ya riga ya yi ƙasa babu abin da za a ƙara gogewa to ka ajiye ta ko nawa aka rage maka. Ka danne waya ta shida a firet na 1 da kuma inda wuya ya haɗu da jiki, ka leƙa tsakiya wajen na 7, ya kamata a ga ɗan gurbi siriri da bai kai rabin kaurin kati ɗaya ba. Kurosoba da yawa suna da ƙarfe a cikin wuya da ake juyawa da alanki a gyara wannan, kilasikal ta gargajiya kuwa yawanci babu, in ta lanƙwashe sai aikin kafinta. Ka kaɗa waya a buɗe sannan ka danne ta a firet na 12, tuna ya nuna harafi ɗaya ba tare da allurar ta gudu can gefe ba. Ka ɗauki ƴar takarda ka gwada zura ta ƙarƙashin bayan jaki, in ta shiga to gam ya fara saki. Daga ƙarshe ka leƙa bakin ramin, in layukan katakon sun zarce daga sama har ƙasan kaurin to fuskar katako guda ce, in kaga hawa-hawa kamar filawud to manne ce.

Wannan na ƙarshen a Jos ba ƙaramar magana bace. Fuskar katako guda ta fi murya, amma hunturun garin nan daga Disamba zuwa Fabrairu baya mata da sauƙi, iskar da take fasa mana leɓe da dunduniya ita take tsotse ruwan katako, jita kuma tana son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Alamar farko zaka ji bakin firet ya fara kartar hannunka don allon ya tsuke ƙarfen bai tsuke ba, in ka yi sakaci sai wata safiya ka buɗe jaka ka ga tsaga daga jaki zuwa gindi. Maganin mai sauƙi ne: sami ƙaramin gidan sabulu na roba ka huda masa ramuka, ka jiƙa soso ka matse shi sosai har ya daina ɗiga, ka sa a ciki ka rufe, ka ajiye cikin akwatin jitar wajen kai, kana sake jiƙawa duk bayan kwana biyu ko uku. Da damina ta sauka ka cire. Kar ka bar ta a but ɗin mota da rana, kar ka jingine ta kusa da hita ko kaskon gawayi lokacin sanyi. In ka san kullum a bayan keke napep zaka riƙa yawo da ita daga Bukuru zuwa Farin Gada, gaskiya mai fuskar manne ta fi jure wahala.

Sai waya. Ina roƙonka da Allah kar ka taɓa ɗaura wayar ƙarfe a kan ɗayansu, har kurosobar, duk da tana kama da mai ƙarfe kuma ko da tana da ƙarfe a wuya, fuskarta da jakinta na nailan ne, ka tuna kilo 40 da kilo 70, jakin zai ɓalle ko fuskar ta kumbura. In wayarka ta tsinke baka samu nailan a gari ba gara ka yi oda daga Legas ka jira. D'Addario EJ45 ita ce mai matsakaicin ja, EJ46 mai ƙarfi, akwai kuma Savarez. Wanda ya fito daga wayar ƙarfe yawanci ya fi jin daɗin mai ƙarfin, don mai taushin tana masa kamar igiyar shanya, kuma a kurosoba da wayoyi suke ƙasa-ƙasa mai ƙarfin tana rage zizza.

Ɗaurin kuma iri ɗaya ne a dukansu. Ka zura wayar ta ramin jaki daga ɓangaren ramin jita ta fito ta baya kamar tsawon ɗan yatsa, ka dawo da jelar ta sama ka zagaya ta ƙarƙashin doguwar wayar, sannan ka murɗa jelar a jikin madaukin da ya samu, sau ɗaya ya isa a manyan wayoyi uku masu naɗi, amma ƙananan ukun masu santsi sai sau biyu ko uku, kuma murɗin ƙarshe dole ya faɗa bayan kusurwar jakin, in ya tsaya a sama zai zame. Ni nakan ɗan kusanta ashana da bakin jelar ƙananan ta narke ta yi ɗan kai kafin in ɗaura, sannan in ajiye ɗan kwali a bayan jakin lokacin da nake ja, don in ta kuɓuce dukan da take yi wa fuskar jita yana barin tabo. Ka canja su ɗaya bayan ɗaya. Kuma kar hankalinka ya tashi idan ka saita ta bayan minti biyar ta sauka, sabuwar nailan miƙewa take yi, sai ta yi kwana huɗu zuwa sati kafin ta zauna, saboda haka in kana da biki ranar Asabar kar ka canja waya ranar Juma'a.

Yaron dai NTX ɗin ya ɗauka, bayan mun sa an sauko da ta biyu don ta farkon waya ta biyu bata fita sosai a sifika. Jiya ya zo darasi da ita, na duba akwatin naga har ya saka gidan sabulun, sai dai soson ya jiƙe da yawa, na matse masa shi a bakin ƙofa kafin mu fara.